Taron da ba shi da sarki

1. Tambaya a bakin kogi

Yara, dukanku kun san jan baki. Idan gero ya fara nuna a gonakin tudu, ko shinkafa ta yi kai a fadamun Komadugu, sai ga su. Daga nesa ka ce hayaƙi ne ya tashi. Su yi sama, su yi ƙasa, su karkata gabas, su juyo yamma, duka gaba ɗaya. Ba mai iya ƙirga su. Duk da wannan yawa, ba ka ganin biyu sun yi karo sun faɗo.

Wata rana da marece na fita da ƴan ajina zuwa bakin kogi, kusa da garin Difa. Muna tsaye sai ga tsuntsayen sun taso daga wancan ƙetare, wajen Nijeriya, za su kwana cikin ciyayin bakin ruwa. A cikin ƴan ajin akwai wani yaro wanda kowace kaka shi ke tsaron gonar mahaifinsa. Tun asuba yake fita, yana kaɗa gwangwani, yana ihu har muryarsa ta dushe. Ya dube su, ya ce:

— Malam, wane ne sarkinsu? In mun gane shi, sai mu jefe shi da majajjawa. In sarki ya faɗi sauran sai su watse, mu huta.

Na ce masa:

— Tambayarka ta yi kyau. Amma jan baki ba su da sarki.

— To, Malam, wa ke gaya musu su juya?

Wannan tambaya ta daɗe tana damun manyan masana. Da suka gano amsarta, sai suka ƙera waɗansu ƙananan na'urori masu aiki tare ba tare da shugaba ba. Labarin da za mu karanta ke nan.

2. Dokoki uku

A shekarar 1986 akwai wani Ba'amurke mai suna Craig Reynolds. Aikinsa shi ne yin hotuna masu motsi da kwamfuta. Yana son ya yi hoton cincirindon tsuntsaye suna tashi. In ya ce zai zana wa kowane tsuntsu hanyarsa, aikin ba zai ƙare ba. Sai ya yi dabara. Ya ba kowane tsuntsu na cikin kwamfuta dokoki uku kawai:

Ta ɗaya: kada ka matse maƙwabcinka.

Ta biyu: ka fuskanci inda maƙwabtanka suka fuskanta.

Ta uku: kada ka yi nisa da maƙwabtanka.

Bai naɗa musu shugaba ba. Bai gaya musu inda za su ba. Da ya sake su, sai suka haɗu suka tashi tare kamar tsuntsayen gaske. In suka tarar da ginshiƙi a gabansu, sai su rabu biyu, su kewaye shi, su sake haɗuwa a baya.

To, tsuntsayen gaske fa, haka suke yi? A birnin Roma na ƙasar Italiya akwai waɗansu baƙaƙen tsuntsaye masu tashi cincirindo da marece, kamar jan bakinmu. Masana suka hau rufin wani gida, suka ɗauki hotunansu ta ɓangarori daban-daban, suka auna wurin kowane tsuntsu. A shekarar 2008 suka bayyana abin da suka gano. Kowane tsuntsu yana lura da maƙwabta shida ko bakwai ne kawai, waɗanda suka fi kusa da shi. Ɗaya daga cikin masanan, Giorgio Parisi, ya sami kyautar Nobel a 2021.

Yanzu kun ga yadda juyawa take faruwa. Shaho ya kawo hari ta gefe. Tsuntsun da ke bakin gefe ya kauce. Maƙwabtansa shida suka ga ya kauce, su ma suka kauce. Kowannensu kuma yana da nasa maƙwabta. Kafin ƙiftawar ido labari ya kai wancan gefe. Na tsakiya bai ga shaho ba, amma ya tsira.

In jan baki suka sauka suna kiwo a ƙasa, ku lura da kyau. Na baya sun tarar na gaba sun cinye tsabar wurin. Sai su tashi, su tsallake kan ƴan'uwansu, su sauka a gaba. Jim kaɗan waɗanda aka bari a baya su ma su yi haka. Shi ya sa kuke ganin taron yana mirginawa kamar ana naɗe tabarma. Wanda yake gaba yanzu, an jima shi ne a baya.

Ɓarnarsu ba kaɗan ba ce. An kiyasta tsuntsu ɗaya yana iya cin hatsi giram 10 a rana. Ku yi lissafi. Tsuntsaye dubu 100 sun ci kilo 1000 ke nan, wato buhu 10 masu kilo 100, a rana guda.

3. Hanyar tururuwa

Ba tsuntsaye kaɗai ke da wannan hali ba. Ku dubi tururuwa a gindin rumbu. Sun yi layi daga raminsu zuwa inda tsaba ta zube. Wa ya shata musu hanya?

Tururuwa in ta sami abinci, tana komawa gida tana barin wani ɗan wari a ƙasa. Hancinmu ba ya jin sa, amma ƴan'uwanta suna ji da ƙahonninsu. Dokarsu mai sauƙi ce: ka bi inda wari ya fi ƙarfi, kai ma ka bar naka.

A shekarar 1989, a jami'ar birnin Burusel na ƙasar Beljiyam, Jean-Louis Deneubourg da abokan aikinsa suka yi wani gwaji. Suka ajiye gidan tururuwa a gefe guda, abinci a ɗaya gefen. Suka haɗa su da gada mai reshe biyu, ɗaya gajere, ɗaya dogo. Da farko tururuwa suka rabu, waɗansu nan, waɗansu can. Bayan ɗan lokaci, a yawancin gwaje-gwajen, kusan dukansu suka koma gajeren reshe.

Yaya aka yi? Babu wadda ta auna tsawon gada. Waɗanda suka bi gajere sun riga dawowa. Kafin na dogon reshe su je su dawo sau ɗaya, na gajere sun yi sawu fiye da haka. Saboda haka wari ya fi taruwa a gajeren. Masu fitowa daga baya suka bi inda ya fi ƙarfi, suka ƙara masa nasu. Ka ga taro ya zaɓi hanya mafi kusa, alhali babu ko ɗaya a cikinsu da ta san akwai hanya biyu.

A 1992 wani ɗalibi ɗan Italiya, Marco Dorigo, ya koya wa kwamfuta wannan dabara. Daga baya aka yi amfani da ita wajen tsara hanyar da motocin ɗaukar kaya za su bi su zagaya garuruwa da yawa ba tare da ɓarnar mai ba.

4. Ginin gara

Kun san suri. Wani ya fi mutum tsawo. A cikinsa akwai ɗakuna da hanyoyi da ƙofofin iska. In za a gina ajin makaranta, sai an sami magini, ya zo da igiya da ma'auni, ya gaya wa lebura inda za su sa tubali. Gara ba su da wannan. Ma'aikatansu ma makafi ne. Akwai uwar gara a can ciki, amma aikinta ƙwai ne kawai, ba ta ba kowa umarni.

Wani masani Bafaranshe mai suna Pierre-Paul Grassé ya daɗe yana nazarin garar Afirka. A 1959 ya bayyana yadda suke gini. Kowace gara tana ɗaukar ɗan curin laka, ta kwaɓa da miyaunta, ta ajiye. Da farko ko'ina suke ajiyewa. Amma in gara ta tarar da wurin da wata ta riga ta ajiye, ta fi son ta ɗora nata a kai. Da haka tsibi yake girma ya zama ginshiƙi. In ginshiƙai biyu suna kusa, kawunansu sukan karkato su haɗu, su zama baka.

Wato gara ba ta magana da ƴar'uwarta baki da baki. Aikin da ta farko ta bari shi ke gaya wa ta biyu abin da za ta yi.

5. Mene ne robo?

Robo na'ura ce mai yin aiki da kanta bisa dokokin da mutum ya rubuta mata. Kalmar ta fito daga harshen mutanen ƙasar Cek, inda asalinta ke nufin aikin tilas. A rediyo za ku ji ana cewa mutum-mutumi. Amma kada ku zaci irin wanda muke kafawa a gona da tsohuwar riga don tsorata tsuntsaye. Kuma ba kowane robo ne ke da siffar mutum ba. Wani kamar akwati yake, wani kamar kifi, wani kamar ƙwaro.

Kowane robo yana da abubuwa uku. Akwai abin da yake ji ko gani da shi. Akwai ƴar ƙaramar kwamfuta wadda ke riƙe da dokokinsa. Akwai kuma inji mai motsa shi. Sau da yawa batir ne ke ba su wuta duka.

Masana suka ce: tun da tsuntsu da tururuwa da gara suna yin babban aiki da ƙananan dokoki, me zai hana mu ƙera ƴan robo masu arha da yawa, mu ba su irin waɗannan dokoki?

6. Ƴan robo 1024

A jami'ar Harvard ta ƙasar Amurka, Michael Rubenstein da Alejandro Cornejo da malamarsu Radhika Nagpal suka yi wannan aiki. Sunan ɗan robonsu Kilobot. Faɗinsa milimita 33 ne, wato ya ɗan fi tsabar dala ɗari. Ba shi da taya. Yana tsaye a kan ƙafafu uku, sirara kamar tsinken ashana. Yana da ƴan injuna biyu masu karkarwa, irin karkarwar da salula take yi in an kira. In na gefe ɗaya ya yi karkarwa, sai ya juya. In duka biyu suka yi, sai ya tafi gaba. Tafiyarsa kimanin santimita ɗaya ce a daƙiƙa. Kayan da aka haɗa shi da su ba su wuce dalar Amurka 14 ba.

Kilobot ba shi da ido. Yana magana da wani irin haske da idonmu ba ya gani, irin na abin canja tashar talabijin. Yana haska tebur, hasken ya dawo ya sami maƙwabcinsa. Maganarsa ba ta wuce santimita 10. In hasken ya zo da ƙarfi, ya san maƙwabcin yana kusa. In ya zo da rauni, ya san yana nesa. Iyakar saninsa ke nan.

A 2014 masanan suka tara guda 1024 a kan babban tebur. Aka ba dukansu dokoki iri ɗaya da hoton tauraro mai tsini biyar. Aka ɗauki guda huɗu aka ajiye a gefen taron, su ne tushe, ba sa motsi. Daga nan mutane suka janye hannu. Ga abin da ya faru.

Da farko ƙirga. Tushe ya ce: «Ni sifiri ne.» Waɗanda suka ji shi suka ce: «Mu ɗaya ne.» Waɗanda suka ji masu ɗaya suka ce: «Mu biyu ne.» Haka har ƙarshen taro. Yanzu kowa ya san nisansa da tushe, ko da yake bai taɓa ganin tushen ba.

Na biyu bin gefe. Waɗanda lambarsu ta fi girma su ne a can bakin taro, babu wanda ya tare musu hanya. Su ke fara tashi, ɗaya bayan ɗaya. Kowanne yana bin gefen taron a hankali, kamar makaho mai bin katanga, har ya zagayo wajen tushe.

Na uku sanin wuri. Mai tafiya yana auna nisansa da maƙwabtan da suka riga suka tsaya. Su sun san wurinsu, suna kuma faɗa. Da haka shi ma yake lissafa nasa wurin, ya duba hoton da aka ba shi: na shiga cikin tauraro ko ban shiga ba?

Na huɗu tsayawa. In ya shiga, yana ci gaba har ya ga zai fita daga hoton, ko ya iske ɗan'uwansa na sahu ɗaya a tsaye. Sai ya tsaya. Daga nan shi ma ya zama alama ga masu zuwa, daidai da curin lakar gara.

Aikin ya ci kimanin awa 12. An sami cunkoso a hanya. Waɗansu sun ɓace, waɗansu sun ture ƴan'uwansu. Gefen tauraron ya ɗan karkace. Amma duk wanda ya duba daga sama ya ga tauraro. A wani gwajin kuma suka yi harafin K. Babu ko ɗaya a cikin 1024 da ya ga abin da suka gina.

7. Masu gini, masu iyo, masu tashi

A wannan shekara ta 2014, a jami'ar dai, aka nuna waɗansu ƴan robo masu koyi da gara, sunansu TERMES. Kowanne yana ɗaukar tubali mara nauyi, ya hau kan ginin, ya duba inda aka tsaya, ya ajiye nasa, ya sauko. Ba sa magana da juna. Ginin ne ke gaya musu abin da ya rage.

A 2021 aka nuna ƴan robo bakwai masu siffar kifi, kowanne tsawon santimita 10. Suna da ƴan fitilu shuɗɗa da idanun kamara. Kowanne yana kallon fitilun maƙwabtansa. Da haka suke taruwa, su watse, ko su yi ta zagaye tare, kamar ƴan kifin da kuke gani a gefen Komadugu lokacin da ruwa ya cika bayan damina.

Akwai kuma masu tashi sama. A 2018, a ƙasar Hangari, aka saki ƙananan jirage marasa matuƙi guda 30, suka tashi tare a fili ba tare da mai ja musu gora ba. A 2022, a ƙasar Sin, guda 10 suka ratsa kurmin gora, ba su yi karo da itace ko da juna ba.

Wataƙila kun taɓa gani a talabijin ana wasa da ɗaruruwan jirage masu fitilu da dare, suna zana tuta ko doki a sama. Wannan daban ne. A nan an riga an shata wa kowane jirgi hanyarsa, kuma kwamfuta ɗaya ce a ƙasa take kula da su duka. Waɗannan suna da sarki.

8. Me ya sa ake son yawa?

Ku tuna da lambunan tattasai na bakin Komadugu, daga wajen Cetimari har Geskeru da Boso. A ce duk manoman ƙauye sun dogara da babban injin ban-ruwa guda ɗaya. Ran da ya lalace, tattasan kowa zai yi yaushi. Amma in kowa yana da ƙaramin injinsa, na mutum ɗaya ya lalace, sai ya ari na maƙwabci, sauran lambuna kuma suna shan ruwa.

Haka abin yake ga ƴan robo. Amfaninsu uku ne.

Na ɗaya, in waɗansu suka lalace aiki ba ya tsayawa, domin babu wanda in ya faɗi kowa ya faɗi.

Na biyu, dokar da ta yi wa guda 10 ita ce za ta yi wa guda 1000. Kowa da maƙwabtansa kawai yake hulɗa. Shugaba ɗaya kuwa, in mabiya suka yi masa yawa, ba ya iya sauraron kowa.

Na uku, ƙarami yana da arha, kuma yana shiga inda babba ba ya shiga.

Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Masana suna fatan wata rana irin waɗannan na'urori za su shiga ƙarƙashin ginin da ya rushe su nemo masu rai, ko su bazu cikin gonaki su gano inda ƙwari suka fara ɓarna. Yawancinsu dai har yanzu a ɗakunan gwaji suke. Akwai kuma ƙasashen da ke neman sa su cikin kayan yaƙi. Wuƙar da ake yanka albasa da ita tana iya yanka hannu. Ya danganta ga mai riƙe da ita.

9. Inda taro yake ɓata

Kada ku zaci taro ba ya kuskure. Mu koma gadar Burusel. Masanan sun sake gwajin ta wata hanya. Suka fara sa dogon reshe shi kaɗai. Bayan rabin awa, wari ya riga ya kama shi, sai suka ƙara gajeren. Tururuwa ba su koma ba. Suka ci gaba da bin doguwar hanya, ga gajera a gefensu.

Akwai abin da ya fi wannan. A 1921 wani masani Ba'amurke, William Beebe, ya ba da labarin abin da ya gani a dajin ƙasar Guyana, a Kudancin Amurka. Waɗansu tururuwa masu kama da kwarkwasa sun ɓata hanya. Ta gaba ta ci karo da sawun ta baya, ta bi. Layi ya zama zobe, kewayensa kusan mita 370. Kowace tana bin ta gabanta, kamar yadda doka ta ce. Suka yi ta zagaye kwana biyu, da yawa suka mutu don gajiya.

Kowace a cikinsu ta bi doka daidai. Dokar ce ba ta tanadi wannan hali ba. Shi ya sa aikin mai ƙera ƴan robo yake da wuya. Dole ya yi tunani: in kowa ya bi wannan ƴar doka, me zai fito a ƙarshe? Sau da yawa ba a sani sai an gwada. Masana sukan bar wa ƴan robo ɗan dama su riƙa kaucewa hanya jefi-jefi, domin mai kaucewa shi ke gano sabuwar hanya.

Ku kuma, yara, Allah ya ba ku abin da bai ba tururuwa ba. Kuna iya tsayawa ku tambaya: ina muka nufa? Yin aiki tare abu ne mai kyau, kamar ranar gayya. Amma in kuka ga kowa yana gudu, ku tambayi abin da ya koro shi.

10. Amsar mai tsaron gona

Mu koma ga yaron nan mai majajjawa. Yanzu ya gane dalilin da ya sa ko ya jefe na gaba, taron ba ya watsewa. Wani ne zai maye wurin nan take. To, me za a yi?

Tun da babu sarki, sai a nemi lokacin da taro yake haɗuwa da wurin da yake haɗuwa. Jan baki suna kwana wuri ɗaya, cikin kacalla ko ƙayoyi, suna kuma yin sheƙa wuri ɗaya. Ma'aikatan kare amfanin gona can suke neman su. Saboda haka manomin da ya ga makwancinsu ya sanar da ma'aikatan gona da wuri, ya taimaki gari duka.

Haka fara take. Farar hamada in tana ita kaɗai ba ta son ƴan'uwanta, ba ta kuma yin wata ɓarna. In aka yi ruwa a hamada, ciyawa ta fito, sai su hayayyafa. Da ciyawa ta fara bushewa sai su matsu a ɗan wurin da ya rage. Masana a Ingila sun gano cewa in ƙafafunsu na baya suka yi ta gogar juna, cikin awoyi kaɗan halinsu yakan canja, su fara neman juna. Daga baya launinsu ma ya canja. Cincirindo ya tashi ke nan, irin wanda ya faɗo wa Nijar a 2004 ya cinye gonaki da makiyaya. Shi ya sa masu yaƙi da fara suke zuwa yankin Ayar da Tamesna su neme su tun suna ƙananan gungu, kafin su yi fiffike su taso.

Da na gama bayani, yaron ya yi shiru. Can ya ce:

— Malam, ashe mu ma masu tsaro haka ya kamata mu yi. In na ga sun taso, in yi wa na kusa da ni ihu, shi ma ya yi wa na kusa da shi.

Na ce masa haka ne. Kafin tsuntsaye su iso, duk fadama ta sani.

Mu gwada

1. Ku sa ɗan sukari kusa da ramin tururuwa. In layi ya kama, ku goge wuri ɗaya da yatsa. Me suka yi da suka iso wurin? Minti nawa suka yi kafin su gyara hanya?

2. Ku fita filin makaranta, ku tsaya a cunkushe. Ɗaya a gefe ya ce «sifiri». Duk wanda hannunsa ke kaiwa gare shi ya ce «ɗaya». Wanda hannunsa ke kaiwa ga mai ɗaya ya ce «biyu». Wa ya sami lamba mafi girma? A ina yake tsaye?

3. Kowa ya zaɓi abokai biyu a zuciyarsa, kada ya faɗa. Da Malam ya tafa, kowa ya yi ƙoƙari ya shiga tsakanin abokansa biyu. Ku ga abin da zai faru. Sa'an nan ku canja doka: kowa ya ɓuya a bayan abokin farko don kada na biyu ya gan shi. Ku kwatanta sakamakon wasannin biyu.

Tambayoyi

1. Ku faɗi dokoki uku da Craig Reynolds ya ba tsuntsayensa.

2. Maƙwabta nawa tsuntsun birnin Roma yake lura da su?

3. Me ya sa tururuwa suka koma gajeren reshe? Me ya sa a gwaji na biyu ba su koma ba?

4. Yaya gara take sanin inda za ta ajiye lakarta?

5. Yaya Kilobot yake sanin maƙwabcinsa yana kusa ko nesa?

6. In tsuntsu ɗaya yana cin giram 10 a rana, kilo nawa tsuntsaye dubu 50 za su ci a kwana 7?

7. Ku tambayi iyayenku ko kakanninku yadda ake korar jan baki a ƙauyenku. Ku rubuta layi biyar a kai.